Hannun da Ba Wanda Ya Kama

Lamont Pruitt yana da shekara goma sha bakwai, tsawonsa ƙafa shida da inci biyar. A sakandaren garinmu, nan tsakiyar gonakin masarar jihar Indiana, ba wanda ya kai shi jefa ƙwallo a kwando. Amma kullum shi kaɗai yake cin abincin rana, a teburin da ke bakin ƙofa.

Wannan ce makarantarsa ta huɗu cikin shekara huɗu. Duk inda ubansa Cleon ya ji an ce wakilan jami'o'i sun fi zuwa duba yara, sai ya loda kaya a mota. Masu auna 'yan wasa sun ba Lamont tauraro uku, Cleon kuwa biyar yake mafarki. Ba su da halin biyan jami'a, don haka in Lamont bai sami gurbin karatu kyauta ta hanyar ƙwallo ba, ƙofar ta rufe ke nan.

Doka biyu Cleon ya kafa masa.

"Kada ka miƙa wa kowa ƙwallo in kana ganin kwando," in ji shi. "Maki ake rubutawa, ba kirki ba. Na biyu, yaran nan ba abokanka ba ne. Gurbin da kake nema shi suke nema."

"To, Baba."

Yaran ƙungiyar suka sa masa suna Rijiya, wai abin da ya faɗa hannunsa ba ya fitowa. Wani gajere mai baki, Toby Yoder, shi ya fi tsokanarsa.

"Kai Rijiya, yau za mu taɓa ƙwallon, ko mu zo da kujerunmu?"

Duk da haka Toby ne ya tare shi wata Juma'a ya ce, "Mama za ta soya kaji ranar Lahadi, kowa zai zo. Ka zo mana, dogo, ba za mu ce ka miƙo gishiri ba."

Lamont ya yi dariya. Ranar Lahadin yana filin da ke bayan gidansu, yana jefa ƙwallo ɗari biyar, ubansa na ƙirgawa. Ba a sake gayyatarsa ba.

In yaro ya faɗi a filin wasa, al'ada ce sauran 'yan ƙungiyarsa huɗu su rugo su ɗaga shi. Shekara arba'in ina goge katakon filin nan, na kuma lura cewa duk wanda ya faɗi yakan bar siffarsa ta gumi a ƙasa. Wanda aka ɗaga da sauri, inuwa ce kawai. Ta Lamont takan fito sarai, har da kafaɗu, don shi yakan daɗe.

Wata Asabar da rana, dusar ƙanƙara na zuba, wakiliyar wata babbar jami'a ta zo dominsa. Sunanta Lorraine Tackett, dattijuwa mai furfura. Ta zauna can sama cikin 'yan kallo da ɗan littafinta da ƙunshin gugguru.

Lamont ya ci maki arba'in da ɗaya, ƙungiyarsu kuma ta ci wasan. Sau uku aka kayar da shi. A na ukun, yana kwance rigingine, sai ya ɗaga hannu sama. Toby na tsaye taku biyu daga wurin. Ya dube shi, ya sunkuya ya shiga gyara igiyar takalmi. Hannun ya jima a sama. Sannan Lamont ya sauke shi, ya dafa ƙasa ya tashi da kansa.

Ana tashi Cleon ya tari matar a bakin ƙofa, bakinsa har kunne.

"Arba'in da ɗaya, Madam! Kin dai gani da idonki."

"Na gani, Mista Pruitt. Masu jefa ƙwallo sun cika littafin nan. Ni ba ƙirgen maki nake zuwa yi ba, ana turo mini shi a waya."

"To me kika rubuta?"

Ta buɗe shafin ta karanta masa. "Ya faɗi sau uku, ba wanda ya zo."

"Hassada ce irin ta yara!"

"Wataƙila. Amma in mun ɗauke shi, shekara huɗu zai yi da yara goma sha biyu, ɗaki ɗaya, mota ɗaya. Na tambayi kocinsa waye abokinsa, ya kasa ba ni suna."

Wakilan nan sun san juna, magana kuwa ba ta kwana a tsakaninsu. Bazara ta zo ta wuce, wayar gidan Pruitt ba ta yi ƙara ba. Toby gajere ya sami gurbi a wata ƙaramar kwaleji. Cleon ya ce wa ɗansa, "Ka ɓata mini shekara goma," ya koma jiharsu ta asali ya bar shi a nan.

Yanzu Lamont yana aiki a rumbun masara da ke ƙarshen gari. Akwai wani tsohon kwando mai tsatsa a bayan ginin, yakan je wurin lokacin hutun rana. Abin mamaki, ba ya ko kallon kwandon. Bango yake miƙa wa ƙwallon, bangon ya dawo masa da ita, ya sake miƙawa.

Ya ku iyaye, kwaɗayin tauraro kada ya sa ku raba ɗanku da mutane. Ku bar shi ya yi abokai, domin ranar da zai faɗi, makinsa ba zai miƙo masa hannu ba.