Kifayen Tafkin Ƙarshe

Ranar da masu duba aiki suka iso, babu kifi ko ɗaya a tafkin ƙarshe.

To, bari ku ji yadda abin yake. Ruwan kwatamin unguwa ne ke bi ta tsakuwa, ya ratsa yashi da gawayi, sannan ya taru a wannan tafki. Injiniyar da ta tsara matatar, wata yarinya mai shiru-shiru, ta zuba kifaye a ciki don su zama shaida. In sun rayu, ruwa ya tatu, aiki ya ci gaba. In sun mutu, a rufe wurin. Mutanen unguwa kuwa tun farko suke toshe hanci, wai ko kazarsu ba za ta sha wannan ruwa ba.

Shugaban masu dubawa ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Injiniya, ina shaidun naki?"

"Ranka ya daɗe, wallahi jiya ma na ba su abinci."

"Ko dai mutuwa suka yi kika kwashe?"

Wahalar shekaru ce ke shirin tafiya a banza. Mutumin ya zare murfin bironsa.

Sai ga wata dattijuwa ta leƙo ta saman katanga tana sakace haƙora, jiƙaƙƙen gidan sauro rataye a kafaɗarta.

"'Yar nan, sannu da aiki. In za ki sake zubawa, don Allah ki samo manya. Waɗannan duk ƙaya ce."