Gurbin da Manaja Bai Duba Ba

"Daga yau ƙarya ta ƙare," in ji Manaja, yana nuna babban allon ɗakin taro.

A da, kowa da hannunsa yake rubuta muƙaminsa a shafin bayanan kamfaninmu. Manaja ya sa aka haɗa shafin da rumbun bayanan ofishin ma'aikata. Duk abin da aka canza can, nan take zai fito nan.

Ya buɗe shafin abokin aikinmu Dogo. "Babban Injiniya" ya koma "Mai gyaran na'ura".

"Injiniyan canza ƙwan fitila ke nan," in ji Manaja, yana dariya har da riƙe ciki.

Sai ya juya ga Anti, wadda ta fi kowa daɗewa a sashenmu. "Ke kam ba sai na buɗe ba. Tun ina makaranta kike kan kujerar nan, har ta gaji da ke."

Anti ta ci gaba da shan shayinta.

"Ku ga shafin wanda ya isa," in ji shi, ya buɗe nasa. Hoto daidai, muƙami daidai. Amma duk idanunmu sun tsaya a gurbin ƙasa, inda aka rubuta "Shugabansa". Sunan Anti ne a ciki.

"Na'urar ta yi kuskure," in ji shi.

Anti ta ajiye kofinta. "Ba ta yi ba, ƙanena. Ɗazu aka sa hannu a takardar ƙarin girmana. Ci gaba da wasanka, idan ka gama ka same ni a ofis."