Bulon Farko

Madam Biba, daraktar lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauyen Korgom, ta fi kowa tafawa. Babban baƙo daga birni na tsaye bisa dakali yana rantsuwa: bana za a rushe azuzuwan zana, a gina na siminti. Ya sauko ya aza bulon farko, motoci suka tashi.

Mushe Imrana, sabon malami, ya matso. "Madam, wai kin yarda da zancen nan?"

"Ciro bulon tukuna, kafin simintin ya kama."

Ya ciro. Ta nuna mishi dakalin da baƙon ya taka.

"Jera shi can gefe. Wannan duk bulon farko ne, na manyan da suka riga shi zuwa. Saura biyu mu samu matakala."