Tekun da ke Bayan Ghali

"Yalla, saura ƙiris!" in ji Bello, yana tsalle a gaba kamar ɗan akuya.

Ghali ya share zufa. Juma'a kaɗai yake hutu, amma abokin ɗakin nasa ya jawo shi daga masaukinsu na unguwar Sanaiya, wai a saman tudun nan ake ganin teku mafi kyau a Qatar.

"Mu masu gadi mun ga ta kanmu," in ji Ghali. "Ranar aiki tsayuwa, ranar hutu hawan dutse."

Can dai suka kai sama. Ga ruwa shuɗi iya ganin ido. Ghali ya ɗaga waya zai ɗaukar wa matarsa hoto, sai ya hango doguwar katanga ta tare bakin ruwan. A gindinta ga rumfar gadi, da jar kujerar roba mai ɗaurarriyar ƙafa.

Kujerarsa ce. Nan motar kamfani ke sauke shi kullum yana gyangyaɗi.

"Ya ka gani?" in ji Bello.

"Madalla. Shekara guda ana biyana ina juya wa tekun nan baya, yau na biya kuɗin mota na zo gaishe shi."