Jan Fenti a Jikin Darbejiya

Ranar da Sallau ya yi sallama da gwangwanin jan fenti a hannu, Goggo Tabawa tana tankaɗe a inuwar darbejiyar tsakar gidanta. Tun da dokar baƙin itatuwa ta fito, duk bishiyar da aka shafa wa ja, zarto ne makomarta. Mangwarorin bakin kasuwa tuni suka tafi. Har yanzu in ta bi ta wurin takan rage sauri, kamar inuwar tana nan.

"Goggo, sai haƙuri," in ji Sallau, ɗan maƙwabciyarta da ya zama ma'aikacin gandun daji. "Doka ta ce duk icen da asalinsa ba na ƙasar nan ba ne, baƙo ne. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta."

"Indiya? Kai Sallau! Da ganyenta na yi wa uwarka wankan jego da aka haife ka. Da shi na yi maka surace lokacin da zazzaɓi ya kusa kai ka kushewa."

"Doka ba ta duba daɗewa, Goggo. Asali take dubawa."

Ta ajiye rariya, ta zuba ido yana zagaye bishiyar da fenti, jan yana gangarowa har gindi.

"To, ni fa? Kakana daga Agadas ya zo da raƙuma."

Sallau ya rufe gwangwanin, bai ɗago kai ba.

"Dokar itatuwa aka ba mu, Goggo," ya ce. "A bana dai."