Ƙashin Saniya a Ƙafar Tela

Tun da mota ta buge tela, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya ƙi haɗewa. Hoton asibiti ya nuna giɓi a inda ƙashin ya farfashe. Kullum yana kwance yana kewar shagonsa, da ƙamshin sabon yadi, da hirar masu jiran ɗinki.

Wata safiya likita ta zauna bakin gadonsa ta ce, "Akwai dabara. Ana samo ƙashin saniya a wanke shi tas, har babu sauran ƙwayar halittar dabbar, sai saƙar ƙashin kawai. Sai mu ɗebo ƙwayoyi daga ɓargonka mu zuba a kai, mu cike giɓin. Jikinka ne zai bi saƙar nan ya gina sabon ƙashi, kamar yadda kabewa ke bin rumfa."

Tela ya ji kamar an yi masa albishir.

Da yamma yayansa ya zo dubiya da abokai. Da ya ji bayanin, sai ya riƙe baki. "Ƙashin saniya? Ƙanena, so kake mu riƙa yanko maka ciyawa? Gwaji za su yi da kai. An ce wani da aka yi wa, har yau bai koma daidai ba."

Ɗaki ya kaure da dariya.

Matar tela ta ce a hankali, "Maigida, mu sake tambayar likita mana."

"Ki bari kawai. Ba za a mai da ni abin dariya ba."

Washegari ya nemi sallama, duk da roƙon likita.

A gida ciwon ya yi ruwa, ya soma wari, zazzaɓi ya rufe shi. Da aka mayar da shi asibiti, likita ta buɗe ƙafar ta duba, sannan ta dube shi.

"Bawan Allah, ƙashin ya ruɓe. In ba a yanke ba, ranka za mu rasa."

Aka yanke daga gwiwa.

Yanzu tela bakin taga yake yini. In ya jiyo ƙarar keken ɗinki daga maƙwabta, sai ya ji ƙafar da babu tana son takawa. Yayansa kuwa tuni ya ɗauke ƙafa daga gidan.

Ran nan ya ga matarsa tana ninke wandunansa cikin leda.

"Ina za ki kai su?"

Ta sunkuyar da kai. "Wajen tela. A rage ƙafa ɗaya."

Ya juyar da fuskarsa bango.

Jama'a, "an ce" ba ilimi ba ne. In sabon magani ya ɗaure mana kai, mu tambayi masana tun da sauran lokaci, domin masu yi mana dariya ba su za su ɗauki sandar dogarawa ba.