Garantin Tifar Mamuda

A gangaren da ke bayan Maradun ne Jafaru direba ya taka birki ya ji kamar ya taka turmi. Ya miƙe tsaye a kansa da ƙafa biyu yana salati, tifa ta yi kunnen uwar shegu da shi, ta ci gaba da gangarawa da lodin tsakuwarta. Allah ya taƙaita, tulin yashin masu aikin dam ne ya tare ta. Ko akuya ba a rasa ba.

Aka jawo ta tashar Talata Mafara. Bitrus makanike ko murfin inji bai buɗe ba, bayanin Jafaru kawai ya ji ya ce famfon birki ne ya mutu, wanda ke zuƙar iska ya ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Ya ce a ba shi daga hantsi zuwa la'asar, gobe mota ta koma aiki.

Mai motar, Malam Mamuda, ya dube shi sama da ƙasa. "Kak ka taɓa min mota, Bitrus. Wagga garanti gare ta."

Mamuda ba ɗan mota ba ne, manomi ne jikan manomi. Da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye gonar gidansu, sai ya haɗa ɗan abin da aka ba shi na diyya da shanunsa, ya tafi Kaduna ya sayo tifa sabuwa dal. Duk abin da ya mallaka a duniya yana tsaye a kan tayoyin nan.

A can ne mai sayar da motar ya nuna masa wata 'yar dalma mai tambarin kamfani, ɗaure da waya a bakin famfon. Ya ce, "Wannan ita ce garantinka. In famfo ya lalace cikin shekara, kyauta za mu sauya, muddin ba wanda ya buɗe shi, kuma dalmar nan tana nan lafiya."

Maganar ta shiga kunnen Mamuda ta zauna daram. Ranar da ya dawo sai da ya biya wurin baduku kafin ya shiga gida, kamar yadda duk mai sabuwar mota ke yi, sannan ya sa maƙeri ya ƙera wa murfin inji kwaɗo. Mai da ruwa ma shi ke dubawa da kansa, Jafaru na can gefe ya juya baya.

Aka aika wa kamfani saƙo, kamfani ya ce ga shi nan zuwa. Wanda ya san "ga mu nan zuwa" ta kamfani ya san sauran zance.

Tifa ta zama 'yar gari. Awaki suka kama ƙarƙashinta, mata suka fara shanya barkono a bayanta. Jafaru ya gaji da zaman dirshan ya koma tuƙa wa wani. Heluma, shugaban ma'aikatan da ke raba wa tifofi aikin magudanar Bakura, ya aiko cewa in wata ya mutu motar ba ta fito ba, zai ba wani gurbinta, kuma Mamuda ya san gurbin da ya tafi ba ya dawowa. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rame. Amma in aka ce masa ya bar Bitrus ya gyara, sai ya bugi damtsensa ya ce, "Garantina na nan inda ba mai taɓa shi."

Har karatu ya fara ba mutane a tasha. Ya ce jahilci ka sa mutum ya biya gyaran da Bature ya rantse zai yi kyauta. Matarsa Marka ce kaɗai ba ta ɗauki karatun ba. Wata safiya ta leƙa rumbu, ta dawo ta ce, "Malam, shin garantin ga ana tuƙa tuwo da shi?"

Ana saura kaɗan wata ya mutu, ran kasuwa, sai ga injiniyan kamfani, wani matashi mai suna Abdulhamid, da sabon famfo a kwali. Aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen Kaduna, aka sake gaisawa. Rabin kasuwa ya taru. Mamuda ya sa babbar riga, yana neman idon Bitrus cikin taro.

Abdulhamid ya ce, "Baba, aikin ba wuya. In ga dalma kawai, sai in ɗaura maka sabo."

Mamuda ya buɗe kwaɗo da bisimilla. Injiniya ya zura kai cikin inji. Ya daɗe. Ya goge bakin famfon da tsumma, ya laluba ƙasa, ya sake lalubawa. Da ya ɗago, fara'arsa ta tafi.

"Baba, babu dalma a nan. In babu ita a jikin famfo, ba ni da ikon sauke kwalin nan."

Tasha ta ɗauki guna-guni. Wani ya ce aikin Jafaru ne, wani ya harari Bitrus, Bitrus ya fara rantsuwa. Marka da ke bayan taro ta dafe ƙirji.

Mamuda kuwa dariya ya yi, irin ta babba da ya ga yara sun tsorata da banza. Ya naɗe hannun riga, ya kwance wani kambu na jar fata daga damtsensa, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin a hankali, ya zazzage abin da ke ciki a tafin injiniya.

"Haba yaro, ni ka barin arzikina cikin inji, ga zahi ga ɓarayi? Tun rad da nis sayi motar nic cire ta, kuma waya kaɗai niy yanke, diba ka gani, dalmar ko ƙwarzane babu."